Katin zakka a coci: dole ne, ko da yardar rai?

'Yar Aboabo:

Salama gare ku, iyaye da yayye. Tambayata a kan zakkar coci ce, wato ɗaya bisa goma, wadda wasu ke kira ushiri. A wata majami'a a nan Kumasi an yi sanarwa cewa duk wanda katin zakkarsa ya wuce wata shida ba a buga masa tambari ba, in ya mutu ikilisiya ba za ta tsaya a jana'izarsa ba. Yawancin matan da ke wannan majami'a 'yan Arewacin Gana ne masu ƙananan sana'o'i a Kejetia da Asawase: masu shinkafa da wake, masu koko da ƙosai, har da kayaye, wato mata masu dakon kaya. Tun da aka yi sanarwar wasunsu sun fara karɓar bashi wurin mai susu, wato mai karɓar ajiyar kuɗi ta kullum, don su cike gurbin watannin da suka wuce, saboda tsoron kada gawarsu ta zama abin kunya ga 'ya'yansu. Kowace Lahadi kuma ana karanta musu Malakai 3, cewa wanda bai biya ba ɓarawo ne, yana ƙarƙashin la'ana.

Ina roƙon waɗanda suka san Littafi da tarihi su fayyace mana. Ɗaya bisa goman nan wajibi ce a kan Kirista? Masu cewa ba wajibi ba ce, da wace hujja suke magana, kuma sabuwar magana ce ta 'yan intanet ko tana da asali? Sannan wadda ta yi niyyar bayarwa, daga cinikin rana za ta cire ko daga riba?

Dattijo mai koyar da Littafi, Tafo:

Ɗiyata, sannu da wannan tambaya. Kafin a yi gardama sai a buɗe Littafin a ga abin da Musa ya kira zakka, domin shi da abin da ke kan katin nan sun yi nisa da juna.

A Littafin Firistoci 27:30-33, zakka daga amfanin ƙasa take: hatsi, 'ya'yan itace, da dabbobi. Dabbobin ma ga yadda ake yi: makiyayi ya tsaya a ƙofar garke da sanda, suna wucewa yana ƙirgawa, ta goma ita ce ta Ubangiji, mai kyau ce ko maras kyau, ba a musanya. Mai tumaki tara babu komai a kansa. Mai goma sha tara guda ɗaya zai bayar. Wanda kuma ya so ya riƙe hatsinsa ya ba da kuɗi a maimakonsa, sai ya ƙara kashi ɗaya bisa biyar a kai. A lura, akwai kuɗi a zamanin, akwai 'yan ƙodago, Shari'a ma ta hana a kwana da ladan ɗan ƙodago, amma ba ta ɗora zakka a kan ladan kafinta ko masunci ko mai saƙa ba.

Wa ake ba? Littafin Ƙidaya 18:21-24 ya ce Lawiyawa, ya kuma faɗi dalili: ba a ba su rabon ƙasa kamar sauran kabilu ba. Su kuma Lawiyawan su cire ɗaya bisa goma na abin da suka karɓa su ba firistoci. Wato in manomi ya girbe buhu 100, Lawiyawa su karɓi 10, firist ya sami 1.

Ba ita kaɗai ba ce. Maimaitawar Shari'a 14:22-27 ta kawo zakkar da mai ita ne yake cin abarsa da iyalinsa a wurin idi. In hanya ta yi nisa ya sayar, ya ƙulle kuɗin, in ya isa ya sayi abin da ransa ke so. Aya ta 28 da 29 kuma ta kawo ta shekara ta uku, wadda ake tarawa a cikin gari don Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa. Masu ƙirga su a matsayin zakka uku daban-daban suna samun wajen kashi 23 cikin 100 a shekara. Malaman Yahudawa kuma sun ce ta matalauta tana maye gurbin ta idi ne a shekara ta uku da ta shida. Ko wane lissafi aka bi, gwauruwa da baƙo suna layin masu karɓa. Matan da kika ambata, baƙi ne a Kumasi, da yawansu gwauraye. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a sanarwar nan: an ɗauko mutum daga layin masu karɓa an tsayar da shi a layin masu bashi.

Malakai 3:8-10 fa? Annabin yana magana da al'ummar Yahuza bayan dawowa daga Babila, mutanen da ke ƙarƙashin waccan Shari'a, kuma ya faɗi abin da ake nema: a sami abinci a gidan Ubangiji. Nehemiya 13:10-13 ya nuna irin halin da ake ciki: an daina ba Lawiyawa rabonsu, kowa ya gudu gonarsa, Haikali ya zama kango, sai Nehemiya ya naɗa amintattun ma'aji a kan rumbuna. Kuma duk mai karanta aya ta 8 ya daure ya fara daga aya ta 5 ta wannan sura, inda Ubangiji ya ce zai yi shaida a kan masu zaluntar ɗan ƙodago da gwauruwa da maraya da baƙo. Ayoyi biyu ne kawai tsakaninsu. Maganar la'ana kuwa, Galatiyawa 3:13 ta ce Almasihu ya fanshe mu daga la'anar Shari'a. Ba na ganin yadda tambarin kati zai dawo da abin da gicciye ya ɗauke.

A Sabon Alkawari an ambaci zakka a Matiyu 23:23 da Luka 11:42, inda Yesu ke tsauta wa Farisiyawa, da Luka 18:12 a bakin Bafarisiye mai yabon kansa, sai Ibraniyawa 7. A can ɗin ma marubucin yana nuna fifikon firistancin Almasihu ne, har ya ce a aya ta 12 in firistanci ya sauya dole shari'a ta sauya. Da manzanni suka zauna a Urushalima kan abin da za a ɗora wa al'ummai masu tuba, Ayyukan Manzanni 15:28-29, abu huɗu suka lissafa, babu zakka ciki. Ƙa'idar da Bulus ya ba Korantiyawa ita ce: kowa ya ware wani abu ranar farko ta mako gwargwadon samunsa, ya bayar yadda ya ƙudura a zuciyarsa, ba da ɓacin rai ko tilas ba, kuma ana karɓa gwargwadon abin da mutum yake da shi ne. A duba 1 Korantiyawa 16:2, da 2 Korantiyawa 8:12 da 9:7.

Kada a fahimce ni a karkace. Ciyar da mai hidimar Maganar Allah wajibi ne, 1 Korantiyawa 9:14 da Galatiyawa 6:6 sun faɗa ƙarara. Abin da ban samu a Sabon Alkawari ba shi ne adadi ƙayyadadde da hukunci a kan wanda bai cika shi ba.

Malamar tarihi, Asawase:

Baba Dattijo ya gama da Littafi, bari in amsa ɗaya tambayar. 'Yar'uwa, maganar ba ta 'yan intanet ba ce, ta girme su da ɗaruruwan shekaru, kuma mutane sun sha kurkuku a kanta.

A ƙarnukan farko bayarwa ta son rai ce. Tertullian, mutumin Kartaj a ƙasar Tunisiya ta yau, ya bayyana wajen shekara ta 197 cewa kowa yana kawo ɗan abin da zai iya sau ɗaya a wata, in ya so kuma in yana da hali, ba a tilasta wa kowa, kuɗin kuma na ciyar da matalauta ne da binne su, da marayu, da tsofaffi, da fursunoni. Ki ga wannan: asusun ikilisiya na farko yana binne wanda ba shi da komai. Tilas ta shigo daga baya. Taron bishop-bishop na Makon a Faransa a 585 ya ce a fitar da wanda ya ƙi biya daga tarayya. A 779 Sarki Charlemagne ya mai da ita dokar ƙasa. Tun a lokacin aka sami mai ja: Alcuin, babban malamin fadar sarkin da kansa, ya rubuta wasiƙu a 796 yana gargaɗi cewa ɗora zakka a kan Saksonawa sababbin tuba ita ta ɓata musu bangaskiya.

A Ingila John Wycliffe, wanda ya rasu a 1384, ya koyar cewa zakka sadaka ce zalla, jama'a na iya hana ta ga limamin da ke zaune cikin zunubi. Babban taron coci na Konstans na 1415 ya la'anci wannan ra'ayi. A 1525 manoman kudancin Jamus suka rubuta buƙatu 12. Ta biyun ta ce sun yarda da zakkar hatsi, da sharaɗin jama'ar gari su tara da kansu, su biya faston da suka zaɓa, ragowar a ba matalautan garin, amma zakkar dabbobi ba za su ƙara biya ba. A ƙauyukan Zurik ma rigimar zakka na cikin abubuwan da suka haifi ƙungiyar masu sake baftisma.

Waɗanda suka fi shan wuya su ne 'yan Kweka, mabiyan George Fox, daga shekarun 1650. Hujjojinsu uku ne: firistancin Lawi ya ƙare da zuwan Almasihu, Yesu ya ce kyauta kuka samu, kyauta za ku bayar, Matiyu 10:8, kuma zalunci ne a tilasta wa mutum ya ciyar da mai wa'azin da lamirinsa bai yarda da koyarwarsa ba. Ga yadda abin ke gudana. In manomi ya yi girbi, dole ya jera dammunansa a gona, wakilin limami ya zo ya ɗauki na goma. Wata doka ta 1549 ta ce wanda ya kwashe bai ware ba zai biya ninki uku. Ɗan Kweka ba zai ware ba, ba zai biya tara ba, sai a zo a kama saniyarsa ko tukwanensa, sau da yawa abin da ya ninka bashin, a yi gwanjo. Da yawa sun mutu a kurkuku. A 1659 mata kusan 7,000 suka sa hannu a takardar koke ga majalisa a kan a soke zakkar. Wani abin da ya ƙara fusata su shi ne, bayan Sarki Henry na 8 ya rushe gidajen sufaye tsakanin 1536 da 1540, haƙƙin karɓar zakkar garuruwa da dama ya koma hannun attajirai, ana sayar da shi ana gadonsa kamar fili. Manomi na biya da sunan Allah, hatsin na shiga rumbun wanda bai taɓa hawa bagade ba.

A Ailan jini aka zubar. Yawancin jama'a Katolika ne, amma doka ta sa su biya zakka ga cocin Angilika ta gwamnati. Daga 1831 suka ƙi. A Disamban 1834, a kusa da Ratkomak, sojoji sun kashe aƙalla mutum 12 wajen karɓar bashin sule 40 daga wata gwauruwa. Faransa ta soke zakkar dole a Agustan 1789. Ingila ta mai da ta hatsi kuɗi a 1836, ta kawo ƙarshen tsarin da dokar 1936.

Misalin Amurka ya fi ba ni sha'awa. A jihar Bajiniya a 1784 Patrick Henry ya kawo ƙudurin haraji don biyan malaman addinin Kirista, har ya ba kowa damar zaɓar cocin da kuɗinsa zai je. Duk da haka 'yan Baftis suka ƙi, alhali su ma za su amfana. Cewa suka yi bisharar da ke buƙatar sandar gwamnati kafin ta ci abinci ta raunana kanta. James Madison ya rubuta ƙorafi a 1785, aka kashe ƙudurin, dokar 'yancin addini ta wuce a 1786. Masachuset ce jiha ta ƙarshe da ta daina, a 1833.

Ga 'yan'uwanmu da ke Hambog da sauran biranen Jamus: can har yau akwai harajin coci. In ka rubuta Katolika ko babbar cocin Furotesta wajen rajistar adireshi, za a riƙa cire kashi 9 cikin 100, a jihohi biyu na kudu kashi 8, na harajin albashinka. Na harajin ne, a kula, ba na albashin gaba ɗaya ba. Mai biyan harajin yuro 300 zai ƙara yuro 27. Fita sai ka je ofishin gwamnati ka sa hannu cewa ka bar cocin.

Mu a Gana babu wannan. Sashe na 21 na tsarin mulkin 1992 ya ba kowa 'yancin addini, kuma babu kotun da za ta karɓar wa coci bashin zakka. Tilas ɗin da ta rage mana ta kunya ce da ta tsoron gawa.

Fasto daga Suame:

Baba Dattijo, Malama, na ji ku da girmamawa, amma ku ba ni dama in tsaya a ɗaya gefen, domin ni ina koyar da ɗaya bisa goma kuma ba na jin kunyar hakan.

Ibrahim ya ba Malkisadik ɗaya bisa goma a Farawa 14:20, Yakubu ya yi wa'adinta a Farawa 28:22, duk kafin Musa. Na san amsar da ake bayarwa: na Ibrahim daga ganimar yaƙi ne kuma sau ɗaya aka rubuta, na Yakubu kuma wa'adi ne mai sharaɗi. Gaskiya ne. Amma ya nuna ma'aunin ya girmi Shari'a. A Matiyu 23:23 kuma Yesu bai ce a daina ba, cewa ya yi a riƙe adalci da jinƙai da aminci ba tare da an bar wancan ba. Bulus ma a 1 Korantiyawa 9:13-14 ya kawo masu hidimar Haikali da ke ci daga Haikali, sannan ya ce haka nan Ubangiji ya umarta ga masu shelar bishara. Ni ina ɗaukarta ma'aunin tarbiyya: in ba a ba mutum ma'auni ba, ragowar canji yake kawo wa Allah.

Sannan a dubi zahiri. Majami'a mai mutum 80 tana da kuɗin haya, kuɗin wuta, gyaran rufi, da iyalin fasto. Inda jama'a ba su ɗauki nauyin mai hidima a fili ba, ta bayan gida yake nema: sayar da mai da ruwa, kuɗin ganin fasto, annabcin tsoratarwa. Wannan ya fi zakka muni nesa ba kusa ba. Tsarin da na ga ya fi lafiya shi ne wanda zakka ba ta tsayawa a aljihun faston wurin. A wurin 'yan Asabar, wato cocin Adventist, zakka tana wucewa hedikwatar yanki, a biya fastoci a kan ma'aunin albashi, don haka wanda ke ƙauye a Arewa bai dogara ga talaucin jama'arsa ba. Cocin Fentikos ma, wadda aikin James McKeown ya haifar bayan zuwansa ƙasar nan a 1937, da zakkar membobinta ta tsaya da ƙafafunta.

Inda na yarda da ku ɗari bisa ɗari shi ne jana'iza. Addu'a a kan gawa ba kayan sayarwa ba ce. Cocin Katolika ma, da dokarta ta 222 ta ɗora wa masu bi nauyin taimakon bukatun coci, ba ta sa adadi ba, dokarta ta 848 kuma ta hana a hana mabukaci hidimomin ibada saboda talauci. Mace ta ci bashi da ruwa don ta cike kati, wannan ba zakka ba ce ko a ma'aunin masu koyar da ita irina, domin zakka daga ƙaruwa take, bashi kuwa ba ƙaruwa ba ne. In faston majami'ar nan yana karanta wannan, ɗan'uwa, ka janye sanarwar.

Malam daga Moshie Zongo:

Salama gare ku, maƙwabta. Ba zan shiga hukuncin addininku ba, kalmar kawai zan gyara, don a zango muna amfani da suna ɗaya ga abu biyu.

Zakka a Musulunci tana da nisabi. Kuɗi sai sun kai ƙimar zinari giram 85 sun kuma shekara a hannu, sannan a cire kashi biyu da rabi cikin 100. Hatsi sai ya kai wusƙi biyar: in ruwan sama ya shayar da shi ɗaya bisa goma, wanda daga nan ne kalmar ushiri ta fito, in da wahalar ban-ruwa ne ɗaya bisa ashirin. Masu karɓa kashi takwas ne, an lissafa su a Suratu Tauba aya ta 60, faƙirai da miskinai ne a gaba. Limanci shi kaɗai ba ya cikin takwas ɗin, sai in limamin mabukaci ne, kuma mafi yawan malamai ba su yarda a gina masallaci da ita ba. Mai shinkafa da waken da ke hannu baka hannu ƙwarya ba ta kai nisabi ba, ba ta ake yi. Na ga abin da Dattijo ya kawo na shekara ta uku ya yi kusa da wannan.

Mai lissafin kuɗi, Sawaba:

Yaya 'Yar Aboabo, ga ɓangaren lissafi, wanda shi ne ke karya mata ba su sani ba.

Ɗauki misali. Mai shinkafa da wake ta yi cinikin sidi 600 a rana. Shinkafa da wake sun ci 280, mai da barkono da kifi da taliya 120, gawayi da ruwa 50, mota 20, yarinyar da ke taya ta 40, tikitin kasuwa 5. Jimla 515, riba 85. In ta cire ɗaya bisa goma daga ciniki, 60 za ta bayar, ya rage mata 25. Wato ta ba da kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ta samu da gaske. A kwana 26 na aiki ribarta 2,210 ce, zakkar ciniki 1,560, ta riba kuwa 221. Tunda 25 ba za ta ciyar da gida ba, sai ta taɓa uwar kuɗi. Wata na farko ta rage mudu biyu a tukunya, na biyu ta fara karɓar shinkafa bashi a farashi mai tsada, na uku tukunyar ta sauka. Saboda haka wadda ta ƙudura bayarwa, daga riba ne, bayan an cire duk abin da aka kashe a kan sana'ar. Hanya mai sauƙi: ta sami ƙaramin littafi, shafi ɗaya abin da ya shiga, ɗaya abin da ya fita, ta yi lissafi ranar Asabar da dare. Kuɗin susu da ta karɓa ƙarshen wata ajiyarta ce ta dawo, har an rage kuɗin kwana ɗaya ladan mai susu, kada ta sake cire masa zakka. Haka kuɗin da aka turo ta MoMo, wato ta waya, don makarantar yaro ko asibiti, amana ce.

Abu na biyu, a raba zakka da kuɗin taimakon juna. Yawancin majami'unmu suna da asusun da kowa ke zuba ƙayyadadden abu duk wata, in an yi rasuwa a ba dangi kuɗi, kujeru da rumfa. Wannan yarjejeniya ce. In ƙa'idar a rubuce take cewa wanda ya yi wata kaza bai zuba ba ba ya cin amfanin, to babu zalunci, muddin an karanta wa kowa tun farko. Matsala tana zuwa ne in aka haɗa kati biyu a ɗaya, sai rashin zakka ya cinye wa mutum haƙƙinsa na asusun da ya yi shekaru yana zubawa. Matan su nemi a ba su rasit dabam na kowanne.

Na uku, ga matakin da za su bi, kuma su bi shi yanzu, don ba a fafe gora ranar tafiya. Su haɗu su biyar ko shida, kada mace ɗaya ta je ita kaɗai. Su fara da shugabar mata da dattawa, cikin ladabi, su roƙi a nuna musu inda dokar jana'izar take a kundin dokokin ikilisiya. Sau da yawa za a tarar ba ta ciki, sanarwar baka ce kawai. In majami'ar reshe ce, su rubuta wa shugaban gunduma takarda, su riƙe kwafi. In mai zaman kanta ce, galibi irin waɗannan an yi musu rajista ne a matsayin kamfanin da ba na neman riba ba, ƙarƙashin dokar kamfanoni mai lamba 992 ta 2019, wadda ta wajabta ajiye littattafan kuɗi da miƙa rahoton shekara. Don haka neman a karanta wa membobi lissafin shekara ba rashin kunya ba ne. Alamomin asusu mai lafiya: mutum biyu ko uku su ƙirga baiko tare su sa hannu, a kai banki washegari, asusun da lambar MoMo su kasance da sunan ikilisiya ba na mutum ba, cire kuɗi sai da sa hannu biyu, albashin fasto kuma kwamiti ya yanka.

Game da gawar kanta, dangi ke da iko da ita. Abin da doka ke nema shi ne a yi rajistar mutuwar a karɓi takardar izinin binnewa. Da ita za a binne a maƙabartar Tafo ko a kai gida Arewa, ko majami'a ta zo ko ba ta zo ba, kuma kowane fasto ko dattijo na iya yin addu'ar. Dangi su san wannan tun wuri, domin kowace rana da aka ɓata ana roƙon a cike kati, kuɗin ɗakin ajiye gawa ƙaruwa yake.

'Yar Aboabo:

Na gode ƙwarai, Baba, Malama, Fasto, Malam, da kai Yaya. Saura ɗaya. Wasu 'yan mata suna koyarwa a makarantar majami'ar, kuma tun kafin albashi ya zo hannunsu an riga an cire ɗaya bisa goma. Wannan fa?

Mai lissafin kuɗi, Sawaba:

Wannan ya fita daga gardamar tauhidi ya shiga dokar ƙwadago. Doka mai lamba 651 ta 2003, sashe na 69 da na 70, ta hana mai ba da aiki cire komai daga albashi sai abin da doka ta halatta, kamar haraji da kashi biyar da rabi na SSNIT, wato hukumar fansho, ko abin da ke cikin jerin da ta amince da shi kuma ma'aikaci ya yarda. Su duba takardar ɗaukar aikinsu su ga ko sun sa hannu a kan wani abu makamancin haka. Su nemi takardar albashi ta kowane wata da ke nuna abin da aka cire da sunansa, su kuma duba a ofishin SSNIT ko ana zuba musu nasu kason da kashi 13 na mai makarantar. Daga nan su rubuta wa hukumar makarantar cewa suna so a ba su albashinsu cikakke, abin da za su bayar su kai da hannunsu ranar Lahadi. In an ƙi, ofishin ƙwadago na Kumasi ne wurin kai ƙara, su tafi da takardun albashi na aƙalla wata uku da kwafin wasiƙar.